Zani a Igiyar Sama

A rumfar jiran mota wata mata ta kafa wa benen tsallaken titi ido. Tsohuwar da ke gefenta ta gaji da shiru. Ni kuwa na kasa kunne, aikin da ya rage wa wanda matarsa ta rasu.

"'Yata, motoci sai wucewa suke, ba ki shiga ba."

"Ba tafiya zan yi ba, Inna. Ƙanwata ke aure a gidan can. Mijin ya ƙwace wayarta, ya hana mu zuwa. Muka yi da ita kullum ta shanya koren zani a baranda, in san tana lafiya."

"To ga shi can a shanye. Ki bar mutane da aurensu."

"A igiyar sama yake. Ko ta yi ɗage, hannunta ba ya kaiwa can."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon zanin.

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya."

"Kira mazan gidanku yanzu, ku ɓalle ƙofar."

"Ke da kika ce in bar su?"

"Haka na bar tawa 'yar. Mijinta ya yi ta kawo mini gaisuwarta, har ranar da maƙwabta suka ji wari."