Ƙwai Huɗun da Na Ƙi Fitarwa

Assalamu alaikum. Mai girma shugabar wannan taro, likitan dabbobinmu da ya yi wata uku yana haƙuri da tambayoyinmu, malamata ta ajin manya da ta ɗora min fensir a hannu bayan furfura ta fito min, 'yan'uwana masu kiwon kaji, da ku mazajenmu da kuka maƙale can bakin ƙofa, barkanmu da ganin wannan rana ta kammala horo.

Na gode wa masu shirya taro da suka ce in yi magana a madadin ɗalibai, na kuma gode da batun da aka ba ni, wato haska ƙwai, domin shi ne darasin da ya fi ba ni wuya.

Na farko, yadda ake yi. Ki rufe taga, ki saki labule, ki ciro ƙwai a hankali daga injin ƙyanƙyasa, ki kifa faffaɗan gefensa a bakin tocila. A kwana na bakwai, mai rai zai nuna miki jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Wanda babu komai a cikinsa fes za ki gan shi. Wanda ya fara ya mutu kuwa, jan zobe za ki gani ya zagaye cikinsa.

Na biyu, abin da ya same ni. Autata ta ajiye keken ɗinki ta rungumi kiwo, kowa a gida yana ce mata ba za ta iya ba. Ta zuba ƙwai arba'in, zubinta na farko, sai aka kwantar da mijinta a asibiti. Da za ta tafi jinya, ta damƙa min injin da takardar da ta rubuta bayani, ta ce, "Umma, yanzu kin iya karatu, ba ki da mafaka. Wanda ya nuna zobe, ki fitar."

A kwana na bakwai na haska, huɗu suka nuna zobe. Jama'a, na ɗauke su, na je har bakin bola, na dawo da su. Na ce wa ya sani? Ita kanta Auta ba ta yi kuka ba ranar da aka haife ta, sai da ungozoma ta yi ta fama. Na rubuta wa kowannensu "a jira" da fensir, na mayar.

A kwana na goma sha biyar ɗaya ya fashe. Wanda bai taɓa jin warin baragurbi a rufaffen inji ba, Allah Ya ci gaba da tsare shi. Ruwansa ya fantsama kan masu ran da ke kusa da shi. Na goge, na goge, sannan na kira Auta a waya.

Ta ce, "Umma, ba ki gane rubutuna ba ne?"

Na ce, "Na gane sarai. Tausayi ne."

Sai ta ce, "To, Hajiya mai tausayi, sauran ukun ma sai sun yi miki sallama tukuna?"

A take na fitar da su.

Na uku, roƙona gare ku, iyaye mata. Ku haska, ku yarda da abin da hasken ya nuna muku. Ku haska, kada ku yi gardama da tocila. Ni tausayin huɗu ya ci min tara masu rai.

Ashirin da bakwai suka ƙyanƙyashe. Da Auta ta dawo, na tsaya jikin bango ina jiran faɗa. Ta ƙirga 'yan tsakinta, ta sake ƙirgawa, ta ce, "Zubi na biyu ke za ki haska, Umma. Ni ce mai kaiwa bola." Ga ta can a layi na uku tana rufe fuska da mayafi, mijinta kusa da ita ya warware.

Allah Ya albarkaci hannun kowace mai kiwo a ɗakin nan, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya raya mana 'ya'yanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.