Saniyar da Na Hana Inna Saya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da dukkan masu sauraro. Sunana Habu, ni dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari.

Ranar Alhamis da ta wuce, maigidana ya ba ni wata saniya mai ciwon huhu, wadda aka yi wa allura don ta miƙe. Ya ce in rabu da ita kafin la'asar. Sai ga wata dattijuwa daga Ɗanzomo, tana neman saniyar tatsa saboda marayun ɗanta. Ta kama igiyar, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, kai ka san dabba. Lafiyarta ƙalau?"

Maigida yana tsaye a bayana. Na ce, "Inna, kada ki saya, ba ta da lafiya."

Nan take maigida ya fizge igiyar, ya ce kada ya ƙara ganina wajen shanunsa. Yau kwana shida, abokan sana'a ko gaisuwata ba sa amsawa, ga iyali a gida, ga kasuwa gobe.

Don Allah ku ba ni shawara, in je in ba shi haƙuri? Amma ko na je, ba zan ce na yi kuskure ba.

Naku, Habu, daga Gumel.