Wayar da Ta Kama Ni a Kan Rufi a Kwandere

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau. Fasto, dattawa, iyayenmu mata da ke baya, da ku 'yan'uwana na zumuntar maza, salama gare ku.

Sunana Ayuba. Kafinta ne ni, a Akurba nake zaune, rufin gida ne aikina. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru. Ina roƙo kada kowa ya yi mini Haleluya kafin in kai wurin, domin idan aka katse ni ina rasa inda na tsaya. In lokacin ya yi, ni zan gaya muku.

Da farko sai kun san yadda muke aiki, in ba haka ba ba za ku gane abin da Allah ya yi ba.

Mai rufi yana hawa sama da injin zarto da injin huda, wani lokaci har da na yankan ƙarfe. Waya ɗaya ce doguwa take tashi daga ƙasa zuwa sama. Filogin da ke zuwa da inji daga kanti ba ya daɗewa a hannunmu. Yau katako ya faɗo masa, gobe a taka shi, jibi a fizgi waya ya tsage. In ya fashe sai mu yanke shi mu yar, mu feɗe bakin wayar, mu murɗa ta da doguwar, mu naɗe da leda. In za ka bar zarto ka koma injin huda, sai ka kwance leda, ka warware, ka sake murɗawa. Haka na tarar maigidana yana yi, haka na koya.

Doka ɗaya muke da ita. Kafin ka taɓa waya, ka yi kira ƙasa a kashe janareta. Ni kuwa ban taɓa karya ta ba.

Na biyu, ranar da abin ya faru.

Cikin damina ne, a Kwandere, gidan wani manomi. Ni da abokin aikina Terna, Tibi ne, mun daɗe muna hawa rufi tare. Da safen janaretanmu ya ƙi tashi. Mai gidan ya ce kada mu ɓata yini, ya jawo mana waya daga gidan maƙwabcinsa. Muka yi ta yanka har wajen hantsi, sai aka ɗauke wuta.

Na ce a raina, tun da ba wuta, bari in haɗa injin huda ya zama a shirye. Ba janareta a ƙasa, ba wanda zan kira ya kashe. Kun gani? Dokarmu ta janareta ce. Wutar gari ba ta da mai kashewa a gindin tsani.

Ba takalmi a ƙafata, kwanon kuma da sauran ruwan daren jiya. Na kwance leda, na kama wayar da yatsuna.

Abin da na fara ji shi ne ihun yara a unguwa: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Suna murna, ita kuma ta riga ta riƙe ni.

Wayyo 'yan'uwa! Ina so in saki, hannu ya ƙi. Ina so in kira sunan Yesu, haƙora sun haɗe. Terna ne ya ɗauki busasshen katako ya doke wayar daga hannuna. Na gangara, katakon da muka kafa a bakin rufi ya tare ni. Da ba mu kafa shi da safen ba, da yau matata ce take tsaye a nan, ba ni ba.

An kai ni asibiti. Tafin hannuna na dama ya ƙone, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka lanƙwashe. Ga su nan, ku duba, ba na ɓoye su. Likita ya ce sauran ukun za su iya riƙe kayan aiki. Ciwon ya warke kamar yadda ya faɗa.

Na uku, ciwon da likita bai gani ba.

Tsoro ne ya shige ni. Ni da nake tafiya a kan katako guda ina waƙa, na koma idan injin markaɗen maƙwabciya ya tashi sai hannuna ya kama rawa. Idan yara suka yi ihun an kawo wuta, sai in ga kaina a tsakar gida ban san lokacin da na fita ba. Na zare duk abin da ke jikin soket a gidana. Matata, Maman Rifkatu, sai da ta koma guga da gawayi.

A cocin nan ma na bar kujerata ta gaba na koma bakin ƙofa, nesa da wayoyin mawaƙa. Na san wasu sun ce Ayuba ya ja da baya. Ban ja da baya ba. Waya nake gudu.

Kowa ya ba ni magani. An ce in shafa man kaɗanya, na shafa. An ce in yi azumi, na yi. An ce in hau dutse addu'a, na hau, na yi ihu tare da masu ihu har muryata ta dishe, na sauko da rawar hannuna yadda na tafi da ita. Na gaji da shawara. Na gaji da "sannu." Na gaji da kallon matata tana ɗaukar garin rogo da manja zuwa kasuwa tun da sassafe, ni ina zaune a benci kamar baƙo a gidana.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ma ta yi, da na sami wanda zan yi fushi da shi.

Wata rana Terna ya zo. Ya zauna, ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Oga, an ba mu rufi a Ashige. Babban gida ne."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ya ce, "Wane sa'a? Ni da wa? Oga, hannun nan ya warke, kai ne ba ka warke ba. Ni zan jira ka har kwano ya iso. In ya iso ba ka hau ba, dole in nemo wani. Ni ma yara na ci a gidana."

Gaskiya ya faɗa. Na kuma san in wani ya hau wurina, na sauka ke nan har abada.

Bayan ya tafi na ɗauko injin zarto. Ban haɗa shi da komai ba, riƙewa kawai na yi. Da idona ya kai kan ledar da ke bakin wayar, hannu ya fara rawa, inji ya faɗi ƙasa. Maman Rifkatu tana ƙofar kicin, ta gani. Ta ce, "Baban Rifkatu, zo ka ci abinci." Abin da ta ce ke nan.

Na huɗu, addu'ar.

Washegari da ta tafi kasuwa, na durƙusa a gaban akwatin kayan aikina. Ban yi ihu ba, ba ni da ƙarfin ihu. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Ban ce ka miƙe yatsun nan ba, ka bar su in haka ka ga dama. Amma kai ka ba ni wannan sana'a. In ka karɓe ta, gaya mini in huta. In ba ka karɓe ba, nuna mini yadda zan riƙe zarto, don ni ban sani ba."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na tashi na ɗauka shirun nan shi ne amsa. Na zuba injunan da doguwar wayar a buhu, na hau mashin zuwa shagon Malam Isa, mai gyaran injuna da sayar da kayan wuta, don in sayar masa.

Malam Isa ya zazzage buhun a tebur. Ya ɗaga wayar zarto da ledarta, ya ce, "Kafinta, wannan waya ce ko ƙullin daddawa?"

Na ce, "Malam, ba wasa ya kawo ni ba. Saya za ka yi."

Ya ce, "Ba na saya. Na ji abin da ya same ka. Zauna."

Ya shiga ciki ya fito da wani irin filogi mai gida biyu, ɗaya mai haƙora, ɗaya mai rami. Ya tura su cikin juna suka ce ƙas. Ya ja da ƙarfi, ba su rabu ba. Ya danna wani ɗan kunne a gefe, suka rabu ba wuya. Ya ce, "Mai rami a doguwar waya, ita ce ke ɗauke da wuta, yatsa ba ya kaiwa ciki. Mai haƙora a jikin kowane inji. Ka canja sau nawa kake so, ba ka ga ƙarfen waya ba balle ka taɓa. Ga sukundireba, kai za ka ɗaura."

Na ce, "Hannuna ba zai yarda ba."

Sai ya ɗaga doguwar wayar, kai a hannun dama, gindi a hagu. Ya ce, "Duba da kyau. Duk biyun suna hannuna. Ko yanzu aka kawo wuta, ta ina za ta shiga? Ta aljihuna?"

Na zauna. Ya faɗa, na bi. Na yanke wayar inji, na bar kamar kamu ɗaya. Na zura murfin filogin tukuna, don in ka manta shi sai ka kwance komai. Na feɗe baƙar rigar waje kaɗan, ban ji wa ƙananan wayoyi ukun da ke ciki ciwo ba. Na feɗe bakin kowace, na murɗa silin ya haɗu, ba wanda ya leƙo. Mai ruwan ƙasa a wurinta, shuɗiya a wurinta, mai kore da rawaya a ƙafar da ta fi tsawo. Na ɗaure kowane sukuru. Daga ƙarshe maɗaurin wuya, ya danne rigar waje, don in an fizga shi zai sha wahalar.

A na zarto, sukuru ya yi ta faɗuwa daga hannuna, Malam Isa yana tsinta yana miƙo mini. A na injin huda, rawar ta ragu. Ina cikin na uku ya ce, "Kafinta, dubi hannunka."

Na duba. Ya tsaya cak!

Addu'a na yi a Akurba cikin sunan Yesu, Ubangiji ya ajiye amsar a teburin Malam Isa, Musulmi. Haka ya ga dama, kada kowa ya tare ni da gardama a bakin ƙofa.

Na biyar, Ashige.

Kwano ya iso. Na je da takalmin roba a ƙafata. Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, a tsakiyar tsani na tsaya na ce, "Yesu, riƙe ni," sannan na ƙarasa. Terna ya tayar da janareta. Na tura filogi, ƙas. Zarto ya yi kuka a hannuna, na yanka katako, yankan ya fita daidai.

Lokacin huda ya yi. Terna yana tsaye a kan janareta, yatsansa a makunni, ya ɗaga kai ya ce, "Oga, in kashe?"

Na dubi filogin. Ba leda, ba ƙarfe a waje. Na ce, "Bar shi."

Na danna kunnen, na zare zarto, na tura injin huda. Ƙas!

Terna ya yi tsalle yana ihu da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san ba zagi ba ne. To, yanzu ku yi Haleluyar. Haleluya!

Mun gama rufin. Ranar da na dawo gida, na mayar da dutsen gugar Maman Rifkatu cikin soket da hannuna. Ta dube ni ta ce, "To, gawayin fa?" Na ce ta gasa masara da shi.

Yatsun nan ba su miƙe ba. Ina saurin gajiya fiye da dā, kuma har yau in yara suka yi ihun wuta gabana yana faɗuwa. Amma ina hawa, ina saukowa, ina ci daga hannuna. Abin da na roƙa ke nan, shi aka ba ni.

Saura magana ɗaya. Kafintoci da masu walda da ke zaune a nan, na san ku, na san wayoyinku. Ku daina leda. Kuma soket ɗin da ke bayan mawaƙa, wanda aka cusa wa waya tsirara aka tokare da tsinken ashana, na daɗe ina kallonsa daga bakin ƙofa. Filogi da sukundireba suna aljihuna. In an tashi, kada kowa ya taɓa shi, nawa ne. Mako mai zuwa kuma zan koma kujerata ta gaba, wanda ya gaje ta ya nemi wata.

Na gode wa Ubangiji da ya fizge ni daga wuta, ya kuma fizge ni daga tsoro. Kai da ka gaji har ba ka da ƙarfin doguwar addu'a, gaya masa ka gaji, yana ji. Ka dogara gare shi, sannan ka tashi ka fita, don ba ka san teburin da ya ajiye maka amsa ba.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.