Kwalekwale Ɗaya, Gaɓa Biyu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, dattawan unguwa, malamanmu, iyayenmu mata, matasa masu aikin ceto, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku.

Ina godiya da kuka ɗora wa wanda bai daɗe da gama karatu ba wannan nauyi. Abin da ke cikin takardar hannuna, na tabbatar da shi.

Na farko, kwalekwalen cetonmu ɗaya ne, kuma idan ruwa ya shafe gada, gefen da aka ɗaure shi nan zai yi aiki. Na bi gida-gida sau biyu don gudun kuskure. A bayan kasuwa, mutum ɗari uku da sha ɗaya ke kwana inda ruwa ke ci. A tsallake, ashirin da uku. Cikin ashirin da ukun nan akwai kakata.

Na biyu, kawuna ya ce min, "Yaro, rai ba buhun hatsi ba ne da za ka auna. A jefa ƙuri'a, kowa da rabonsa." Gaskiya ne, ran wani bai fi na wani ba. To, saboda haka ne ma nake ƙirgawa. Idan ashirin da uku daidai suke da ɗari uku da sha ɗaya, sauran fa, ba mutane ba ne? Kowannensu yana da uwa, kowannensu yana da mai jiransa. Shawarata, a ɗaure kwalekwale a bayan kasuwa.

Da na gaya wa Kaka, sai ta ce, "Maigida, ashe karatun sakina ka je ka yi?" Muka yi dariya, amma na kasa cin abinci ranar.

Na uku, ƙirga yana nuna inda za a fara ne, bai ba mu izinin mantawa da kowa ba. Tun ran gini ran zane. Mutanen tsallake kaɗan ne, ɗakunanmu za su ɗauke su kafin ruwa ya sauka. Na ba Kaka ɗakina, amma ta rantse ba ta tashi sai da awakinta. Mai fili a bayan gida, don Allah ya jira ni a bakin ƙofa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare na wannan gaɓa da na waccan, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.