Mutumin Mamu Bai Daina Tafiya Ba

Shagufta: Halo? Salamu alaikum.

Sarmad: Wa alaikumus salam, Baji. Sarmad ne.

Shagufta: Wane Sarmad? Ni wanda na sani ai ya manta yana da yaya a Karachi.

Sarmad: Haba Baji. Ina wuni?

Shagufta: Lafiya lau. Ya Multan? Ya zafi?

Sarmad: Zafi sai addu'a. Ya yara? Ya maigidanki Irfan Bhai?

Shagufta: Yana wurin aiki. Ya mahaifiyarka, goggona Phuppo, kumburin ƙafar ya sauka?

Sarmad: Ammi ta ji sauƙi, har kasuwa ta je jiya.

Shagufta: Madalla. Ya shagon ɗinkin naka? Ina mangwaron da ka ce za ka aiko tun bara?

Sarmad: Zan aiko. Baji, kina zaune ne?

Shagufta: Ina tsaye kan tukunyar dal, miyar waken nan. Me ya samu muryarka?

Sarmad: Ba komai. Wato... kawuna Mamu ne, babanki. Na kira shi sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba.

Shagufta: Abbu? To ai ka san shi. Wayar na can ƙarƙashin matashi, shi kuma yana gaban kwamfuta yana wasan nan da ka koya masa. Tsoho ɗan shekara sittin da takwas, ka mai da shi mai farautar dodanni.

Sarmad: Ba ya farautar dodo, Baji. Mu ba jarumai ba ne a wasan, mu ƙananan 'yan kasada ne. Jarumai su ke yaƙi, mu ke raka ayari, mu kai musu gishiri da magani. Mamu shi ne mai fitila, shi ke shiga gaba a hanyar dutse.

Shagufta: Mai me? Ba na jinka, layin na karkarwa.

Sarmad: Mai fitila! Baji, saurare ni. Mutumin Mamu na cikin wasan yana tafiya cikin bango.

Shagufta: Sarmad, dal ɗina zai ƙone saboda wannan?

Sarmad: Don Allah ki sauke tukunyar. Ya kai bangon wani ƙauye, ya kafa goshi a jiki, ƙafafunsa na ta tafiya amma ba ya gaba. Sama da sa'a biyu ke nan.

Shagufta: To wuta ce aka ɗauke. A can Sukkur inda yake, sau nawa ake ɗauke wuta a yini?

Sarmad: Haka muka zata. Wallahi duk haka muka zata. In sabis ya yanke wa mutum, mutuminsa kan ci gaba da gudu shi kaɗai, kullum muna gani, har dariya muke yi. Amma bayan minti biyar sai ya ɓace. Na Mamu bai ɓace ba.

Shagufta: Ban gane ba.

Sarmad: Kwamfutarsa a kunne take, Baji. Akwai wuta, akwai sabis. Kuma mutumin ba ya tafiya sai an danne maɓalli ɗaya an riƙe. Wani abu na danne da maɓallin nan tun ɗazu.

Shagufta: Inna lillahi... Wani abu kamar me?

Sarmad: Ban sani ba.

Shagufta: Ƙila littafi ya ɗora a kai ya tafi masallaci. Ko kyanwar maƙwabta ce ta hau. Tana shiga ta taga, na sha ganinta.

Sarmad: Allah ya sa. Amma Mamu shekara talatin yana ba jirgin ƙasa hanya a tashar Rohri, kin fi ni sanin halinsa. Ko ruwa zai sha sai ya rubuta mana, ya kai mutuminsa inda ba haɗari, ya kashe fitila. Shekara biyu muna tare bai taɓa barin fitila a kunne ba.

Shagufta: Yanzu a kunne take?

Sarmad: A kunne.

Shagufta: Wayyo Allah. Ya sha maganin hawan jininsa kuwa? Sarmad, me ya sa sai yanzu kake kirana?

Sarmad: Akwai wata Sista Rubab a ƙungiyarmu, ma'aikaciyar jinya ce a Quetta, ita ce mai magani a ayarin. Yanzu ta sauko daga aiki ta shigo, tana ganinsa ta ce a nemo danginsa maza. Ni ba ni da lambar kowa a layinsu. Wa ke da makullin gidan?

Shagufta: Khala Surayya, ƙofa da ƙofa suke. Tsaya, kar ka kashe. Bari in kira ta da wayar gida. Ina lambar take... Sarmad, ba na ganin lambobin.

Sarmad: A hankali, Baji. Ina nan.

Shagufta: Tana shiga. Ɗauki mana, ɗauki... Khala? Salamu alaikum, Shagufta ce. Lafiya, lafiya, Khala bar gaisuwar. Ki ɗauki makulli ki shiga wurin Abbu yanzu. A'a, yanzu! Ki bar wankin. Ki tafi da wayar a hannunki. Sarmad, kana nan? Har yanzu yana yi?

Sarmad: Yana yi.

Shagufta: Ku nawa ne a wurin?

Sarmad: Mu goma, duk mun dawo mun kewaye shi. Akwai kyarketai a gefen ƙauyen, muna kore su kar su taɓa shi.

Shagufta: Kyarketai! Ubana yana can ban san halin da yake ciki ba, kuna gadin zane.

Sarmad: Ba abin da za mu iya daga nan sai wannan, Baji.

Shagufta: Yi haƙuri. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Khala? Kin fito? To buga. Ta ce tana jin fanka na juyawa a ciki. Buga da ƙarfi, Khala! Kira sunansa!

Sarmad: Ya amsa?

Shagufta: Shiru. Ta ce makullin ya buɗe amma ya sa sakata ta ciki. Na sha gaya masa ya daina sa sakatar nan da rana! Khala, ina surukinki? Yana gida? Ya zo ya ɓalle. A ɓalle ƙofar na ce, ni zan gyara!

Sarmad: Halo? Baji? Kin yanke.

Shagufta: Ina nan. Ina jin suna duka. Ya Allah, ya Allah, ka rufa mana asiri. Sarmad, yi min magana, kar ka yi shiru. Me yake yi a wasan nan duk yini?

Sarmad: Sababbin shiga yake rakawa. Duk wanda ya ɓata a dutsen nan, sai a ce ya jira mai fitila. Manyan jaruman ma ba su san sunansa ba, amma ba sa ƙetarewa sai ya... Baji.

Shagufta: Mene ne?

Sarmad: Ya tsaya.

Shagufta: Wa ya tsaya?

Sarmad: Mutumin. Ya daina tafiya. Yanzun nan.

Shagufta: Me hakan ke nufi? Sarmad, me hakan ke nufi? Khala! Khala, yi magana mana! Me kuka gani? ... Sun ɗago shi. A kan maɓallan kwamfutar suka same shi, ya kifa da fuska.

Sarmad: Yana numfashi?

Shagufta: Khala, yana numfashi? Sa hannu a hancinsa... Yana yi! Idonsa a buɗe. Ta ce bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana kallonsu ba ya iya magana. Wayyo Abbu na.

Sarmad: Ga Sista Rubab tana rubutu, bari in karanta miki. Kar a ba shi ruwa, ko ɗigo. Kar a ba shi wani magani. A kwantar da shi ta gefe. Kar a jira, a sa shi a mota zuwa babban asibiti, ba ƙaramin na unguwa ba.

Shagufta: Khala, ajiye kofin nan! Kar ki ba shi! A kwantar da shi ta gefe. Surukinki ya kawo mota bakin ƙofa.

Sarmad: Ta ce abu na farko da likita zai tambaya shi ne ƙarfe nawa abin ya fara. Akwai allurar da ba a yi in lokaci ya wuce.

Shagufta: Wa zai sani? Shi kaɗai ne a gidan!

Sarmad: Mu mun sani. Duk abin da aka rubuta a wasan yana da lokaci a gefe. Sha ɗaya da minti goma sha bakwai.

Shagufta: Khala, ki riƙe wannan, sha ɗaya da minti goma sha bakwai. Maimaita min. Yauwa, haka za ki gaya wa likita. Sarmad, yanzu biyu saura. Lokacin bai wuce ba? Tambaye ta!

Sarmad: Ta ce akwai saura, amma su yi sauri.

Shagufta: Tsaya. Ka ce abin da aka rubuta. Rubutu ya yi a lokacin?

Sarmad: Baji, ki fara neman tikitin zuwa Sukkur tukuna.

Shagufta: Me ya rubuta?

Sarmad: Ya ce, "Ku ɗan jira ni, hannuna ɗaya ya yi nauyi."

Shagufta: Sai kuka ce me?

Sarmad: Ayarin ya riga ya tashi, in an tsaya a dutsen kaya ke lalacewa. Kowa yatsunsa kan gaji, Baji, mu ma muna faɗin haka kullum...

Shagufta: Me kuka ce masa, Sarmad?

Sarmad: Aka ce ya huta ya biyo mu a baya.

Shagufta: Wa ya ce?

Sarmad: Ni. Ni na rubuta. Har na sa masa fuskar dariya.

Shagufta: Yana gani. Idonsa a buɗe yake, Sarmad. Sa'a biyu da rabi fuskarsa na jikin allon nan.

Sarmad: Baji, wallahi da na san... ki yafe min, zan hau mota yanzu, kafin dare ina Sukkur, ni zan kwana da shi, zan...

Shagufta: Khala, sa masa wayar a kunne. Abbu? Abbu, ni ce. Kar ka yi ƙoƙarin magana. Ga ni nan zuwa.

Sarmad: Ya gane ki? Baji, ya gane muryarki? Baji! Halo? Halo?