Ranar da na riƙe hannun Goggo

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da muryata, ban saba tsayawa gaban jama'a ba.

Da na taso daga lakwal, wato makaranta, na shiga asibitin Magariya, abin da na fara gani ƙafar Inna ce ta hagu. Ta kumbura, zanen lallen da ke kanta ya baje, ya fi na dama faɗi. Murar da ta sauka mata a huhu ce ta kai ta can, ga robar iska a hancinta.

Likita ya duba, ya ce irin wannan ciwo yakan daskarar da jini a jijiya. Ya ce kada kowa ya matsa ƙafar, domin gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Ni kaɗai ce a wurin. Na ce to, kaina a ƙasa.

Washegari Goggo, yayar Baba, ta iso daga Sassumbrum da man shanu a kwalba. Ita ce mai tausar danginmu. Ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba.

Ta naɗe zanen Inna, ta ce, "Wannan ai iska ce ta kwanta. Matsa can, 'yar boko."

Na matsa. Wayyo, na matsa! Ina kallo ta lakaci man, bakina ya ƙi buɗewa. A zuciya na ce, "Yesu, ba ni da baki, ka ara mini."

Sai na ji hannuna ya cafke nata, na yi tsawa, "Goggo, sake ta! Za ki kashe ta!"

Goggo ta rufe kwalbarta a hankali, ta ce, "Ni ce mai kisa, Rahila?" Ta fita.

An yi wa Inna allurai a fatar ciki, kumburin ya sauka. Ga ta nan zaune a cikinku. Godiya ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, yana jin ko wanda bai iya magana ba.

Amma kalmar nan da na faɗa tana hana ni sakewa. Goggo ba ta sake taka gidanmu ba. Jiya na durƙusa gaban Baba na ce, "Don Allah, ran kasuwa ka ɗauke ni a babur ka kai ni wurinta in roƙi gafararta. Kada ka yi magana a madadina."