Kafin Baki Ya Buɗe, Ƙafa Ta Yi Magana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ajiye ayyukansa ya zo ya zauna mana. Shugabar makarantarmu ta koyon wasan kwaikwayo da 'yan kwamitinta. Abokan aikina malamai, na murya da na rubutu da na haske. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. Ɗalibanmu da muke yayewa yau, waɗanda suka sha ado har na kasa gane wasu, domin ni cikin gumi da wandon atisaye na san su. Jama'a na zaune da na tsaye a bakin ƙofa, barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma gode wa iyaye da suka yi haƙuri da ni, domin ni ce malamar motsa jiki, wadda kuka sha jin ƙararta a gida. Wata uwa ta taɓa tare ni a bakin makaranta ta ce, "Malama, tsakaninki da Allah, wasan kwaikwayo kuke koya wa 'yata ko kokawa? Kullum da ɗingishi take dawowa!" To, Hajiya, na hango ki can a layi na biyu, yau zan ba ki amsa, kuma wallahi da farin ciki zan ba ki ita.

Magana ta farko, jama'a: jiki ne ke fara magana, baki daga baya yake biyowa. Wace uwa ce a nan ba ta gane sakamakon jarrabawar ɗanta tun daga takunsa a ƙofar gida? Wane miji ne ba ya gane an yi fushi da shi daga yadda aka dire masa kofi? An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa na ce a tambayi kafaɗa, a tambayi gwiwa, a tambayi tafin ƙafa. Shi ya sa a zangon farko ba ma ba ɗalibi takardar wasa. Takalmi a bakin ƙofa, ƙafa a kan katako, madubi a gabanka, tsohuwar fankarmu tana kuka a sama. Mu koyi tsayuwa, mu koyi tafiya, mu koyi numfashi, mu koyi faɗuwa ba tare da karaya ba. Wanda bai san inda nauyin jikinsa yake ba, ina zai iya ɗaukar nauyin wani mutum ya hau dandali da shi?

Magana ta biyu labari ce, kuma mai labarin ya ba ni izini. Ga shi nan a gaba yana sunkuyar da kai. Ma'aikacin gidan rediyo ne, mai karanta labarai, Allah ya ba shi muryar da ko sunayen kayan miya ya karanto sai ka tsaya ka saurara. Abokan karatunsa suka sa masa suna Kanun Labarai, domin ko gaisuwa ya yi maka sai ka ji kamar za a ce "ga cikakkensu". Ranar da ya fara zuwa, da ƙyar na raba shi da takalminsa. Ya yi tafiya da mu, ya yi tsalle da mu, ranar da na ce kowa ya sauka ƙasa ya yi rarrafe, sai ya biyo ni bayan darasi, ransa a ɓace.

Ya ce, "Malama, da girmanki da komai, ni da murya nake ci. Wasa na zo koyo, kin mai da ni jariri. In haka za a ci gaba, gara in koma inda aka san darajata."

Na ce, "Ƙanena, da rarrafe yaro kan tashi. Ka ba ni wannan zangon kawai."

Ya zauna, amma zaman doya da manja. Da lokacin wasan ƙarshe ya zo, aka ba shi matsayin wani tsoho da ke zaune a kan benci a asibiti, yana jiran likita ya fito ya gaya masa ko matarsa za ta rayu. Ya haddace maganarsa tsaf, ya zubo ta kamar zuma, amma jiki na nan a sandare kamar turken fitila. Ba wanda ya ji komai. Har hamma na ga wata tana yi. Mai shirya wasan ya ja ni gefe ya ce zai karɓe matsayin ya ba wani. Na san in aka karɓe, mun rasa wannan bawan Allah ke nan har abada. Na roƙi a ba ni shi in gwada.

Na karɓe takardar hannunsa na ce, "Kada ka ce uffan. Ga benci. Kai tsoho ne, an kira ka. Tashi."

Ya miƙe zumbur kamar soja.

Na ce, "Wane tsoho ka taɓa gani ya tashi haka?"

Ya ɗauki takalminsa ya fita, ko sallama babu. Na ce a raina, shi ke nan, na kore shi. Washegari sai ga shi. Bai gai da kowa ba, ya wuce ya zauna a kan bencin. Ya dafa gwiwa da hannun hagu, ya yi gaba, ya yi baya, ya miƙe a hankali, kafaɗar dama a sauke. Ya kakkaɓe bayan rigarsa, ya ɗan dakata kamar mai neman izinin ƙafafunsa, sannan ya taka. Na ce, "A ina ka samo wannan?" Ya ce, "Haka Baba yake tashi. Tun da ya rasu ban yarda na tuna ba." Da ya buɗe baki ya faɗi maganarsa, muryar ma ta canja, ta fito daga inda ya kamata ta fito.

Magana ta uku, da yawanku shaidu ne. Makon jiya, a wannan zauren, ana tsakiyar wasa ruwan sama ya kece a kan kwanon rufi, lasifika kuma ta ɗauke. Na bayan zaure ba su jin ko kalma ɗaya. Ina tsaye a bayan labule ina kallo. Kanun Labarai kuwa bai tsaya ba! Ya tashi tashin nan nasa, ya taka zuwa wurin likita, likita ya gyaɗa kai yana murmushi, sai gwiwoyin tsoho suka saki, ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗu na rawa. Na ga layin ƙarshe sun miƙe tsaye! Na ga mazan da ba su san juna ba suna riƙe da hannun juna! Ba wanda ya ji abin da likita ya ce, amma ba wanda bai san matar nan ta rayu ba.

Bayan an tashi, mahaifiyarsa ta shigo ɗakin canja kaya, ta ratsa tsakanin rigunan da ke rataye, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Ɗan nan, ashe kana lura da babanka haka? Sake yi mini in gani." Ya jawo kujera ya sake yi mata. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta kai hannu ta danna kafaɗarsa ta ce, "Ta fi haka sauka kaɗan."

To, ɗalibaina, ku tafi da wannan. Ku kalli mutane da idon ƙauna, ku kalli yadda suke zama da yadda suke tashi. Kada ku bar atisaye don kun karɓi takardar shaida, domin jiki kamar wuƙa yake, in an daina wasa shi sai ya dakushe. Iyaye, ku ci gaba da haƙuri da ɗingishi, akwai abin da yake haifarwa. Ga kuma albishir da shugabarmu ta ce ni zan faɗa: kwamiti ya amince a rushe bangon da ke tsakanin ɗakin atisaye da ɗakin ajiya, a shimfiɗa katako har ƙarshe. Masu zuwa baɗi za su yi gudu, za su yi tsalle, ba mai karo da wani!

Allah ya yi wa waɗannan ɗalibai albarka, ya buɗa musu ƙofofin alheri, ya tsare su daga girman kai. Allah ya saka wa iyaye da malamai, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar mana kamanninsu a jikinmu. Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.